Carbin da Yayana Ya Zo da Shi Daga Burma

Shekarun baya, shekarar da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Burma, ina 'yar makarantar kwana, na zo hutu gidanmu a Hausari, cikin Fataskum. A lokacin ji nake babu mawaƙiya kamata. In na ga balbela ta sauka a bayan saniya, sai in tsaya haɗa baiti har tuwo ya kama. Da aka ce yayana na hanya, na wanke kunnuwana don jin labarin teku da giwaye.

Wanda ya sauko daga motar Jos bai zo da labari ba. Ya zo da bargon soja, da takalma masu nauyi, da wata irin rawar jiki. In mata suka fara daka a tsakar gida, ko mota ta yi ƙara a hanyar kasuwa, sai gumi ya karyo masa, hannuwansa su kama kaɗawa. Sai ya tashi ya koma gindin tsamiyar bayan gida, ya ciro wani carbi daga aljihu, ya dinga ja. Kafin ya zagaye shi sau biyu numfashinsa ya daidaita. Wani lokaci har ya dawo yana tsokanata, yana kirana Malama saboda bokona.

'Ya'yan carbin baƙi-baƙi ne kamar gurjiya, sun yi santsi don ja. Wata rana na tambaye shi ko wane icce ne.

"Ba icce ba ne, Malama. Bado ne."

Na yi dariya, don badon da na sani na tafkinmu ne, mai 'ya'ya ƙanana kamar gero, wanda ake ci in shekara ta yi tsanani. Ya ce nasu na can babba ne, ganyensa ya fi faifai. Daga nan ya ba ni labarin da bai ba kowa ba. Zazzaɓi ne ya kayar da shi a daji, ayarinsu ya wuce ya bar shi. Waɗanda suka tsince shi masu ibada ne na addinin Buda, masu aske kai ƙwal, masu yafa zane ruwan ɗorawa. Suka kai shi gidan ibadarsu. Wani tsoho a cikinsu ya yi ta ɗura masa ruwan shinkafa da cokali, ba ya jin Hausa, shi kuma ba ya jin nasu. In rawar jikin ta zo, sai tsohon ya sa masa carbin a tafi, ya riƙe yatsunsa, su ja tare.

Daga baya wani Ba'indiye direban soja ya fassara masa ma'anar. Su a wajensu bado misalin zuciya ne: a cikin taɓo yake tsira, amma furensa ya fito fes, ko ɗigon laka babu. 'Ya'yan carbin kuwa ɗari da takwas ne, kowanne na tsaye a madadin wani abu da ke dagula zuciya, kwaɗayi, fushi, tsoro, da 'yan'uwansu. In ka ja ɗaya, ka sake shi ya wuce.

Na tambaye shi me yake faɗa in yana ja. Ya ce salati, me kuwa zai faɗa? Tsohon ma ya ji shi yana yi, ya gyaɗa kai kawai.

Ni dai na tafi na yi kwanaki ina rera waƙar bado a raina, ban ga abin da ke tafe ba.

Baffana, yayan mahaifinmu, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu. Wata Juma'a bayan an sauko, ya ga carbin a kan buzu, ya ɗauka yana ja don ya ji daɗin santsinsa. Hannun da ya saba da ɗari ba ɗaya ya kai inda ya kamata ya tsaya, carbin bai ƙare ba. Ya kira yayana ya tambaye shi. Yayana bai iya ƙarya ba, ya faɗi komai. Baffa ya ce wato na masu gunki ne, ya sa a aljihunsa.

Kafin la'asar maganar ta gama gidan. Kowa ya gane ciwon yanzu: ba yaƙi ba ne, abin da ke cikin carbin ne ya biyo shi. Aka nemo wani mai magani daga Yerimaram, ya ce abu mai sauƙi ne, da abin da ya kawo cuta ake korar cuta. A yi masa hayaƙi da carbin.

Na je wajen Baffa na durƙusa, na ce 'ya'yan bado ne kawai, kuma salati yake yi da su. Ya dube ni da tausayi, ya ce wa mahaifiyata ta ga abin da ya sa tun farko bai so a kai ni makarantar Nasara ba.

Washegari da hantsi aka yi. Yayana ya roƙi Baffa, ya ce a ba shi ya ɓoye a akwati, ba zai ƙara shiga masallaci da shi ba. Da Baffa ya ƙi, sai ya juya wajen mahaifiyarmu.

"Inna, shi ne ke riƙe da ni."

"Na sani, ɗana," in ji ta, tana hawaye. "Shi ya sa za mu raba ku."

Maza uku suka danne shi, aka lulluɓe shi da bargonsa na soja. Mahaifiyata da kanta ta kawo kaskon garwashi, ta tura ƙarƙashin bargon, mai maganin ya tsinke zaren carbin ya zuba 'ya'yan a wutar. Babu wanda ya yi tunanin cewa busasshen ƙwallo in ya ji wuta fashewa yake yi. Suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, a cikin duhun bargo da hayaƙi, daf da fuskar mutumin da ƙarar taɓarya ke firgitawa. Ya yi ta kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba, yana ce musu su kwanta ƙasa. Mai maganin ya ce mu ji, ga aljanun nan suna fita. Can sai yayana ya yi tsit.

Tun daga ranar ba a sake ganin rawar jikin ba. Ba a sake ganin dariyarsa ba ma, amma wannan ba wanda ya lura. Aka yi sadakar waina. Baffa ya ba shi gona a Mamudo, ya koma can. Yana noma, yana salla a kan lokaci, in an gaishe shi ya amsa. Bai sake kirana Malama ba. Na taɓa zuwa na zauna kusa da shi yini guda ina jiran ko kalma ɗaya game da tsohon nan. Da zan tafi ya ce in gaida gida.

Na daɗe ina neman wanda zan ji haushi, na rasa, kuma wannan ne ya fi ɗaci. Baffa tsoron Allah ne ya sa shi. Mahaifiyata ta ƙone yatsunta a kaskon nan saboda so. Amma baƙon da bai san sunan yayana ba, bai san alƙiblarsa ba, ya zauna ya dubi inda ke masa ciwo. Mu kuwa da muke jininsa, carbin muka duba.

Har yau a unguwarmu labarin waraka ne. Mata kan zo da damuwar 'ya'yansu, mahaifiyata ta shimfiɗa musu tabarma ta ba su labarin tun daga farko, ni kuma in kawo ruwa. Kullum da magana ɗaya take rufewa, fuskarta cike da godiya.

"Ku je Mamudo ku gan shi. Yanzu ko bindiga aka harba kusa da shi, ba ya motsi."

Gaskiya take faɗa.