Baba Waya da Ruwan Rijiya

Shekara ashirin da bakwai ke nan Baba Waya yana ɗakin gwaje-gwajen nan na jami'a. Da gyaran rediyo ya fara a bakin titi. Ba shi da digiri, amma duk na'urar da ta yi gardama teburinsa ake kai ta. Ɗalibai kan tsokane shi wai ko shayi sai ya sa masa mita kafin ya kurɓa.

Wata safiya ya tarar da Dakta, shugabar ɗakin, zaune gaban na'ura, ko jakarta ba ta sauke ba. Bara ɗanta na fari ya rasu, ba a gano ciwon ba. Yanzu autarta ta kwana biyu da ciwon ciki, shi ne ta ɗebo ruwan rijiyar gidansu ta duba ko da gubar dalma.

Da wani ɗan fallen roba ake gwajin, tsawon yatsa. A ƙasansa akwai baƙar da'ira inda ake ɗiga ruwa, a samansa layuka uku na azurfa inda ake maƙala waya. Layin da ke fita a allon na'urar sai tsalle yake yi sama, alamar akwai gubar.

"Baba," in ji ta a hankali, "da hannuna nake ba su ruwan nan."

Shi bai dubi allon ba, wayoyin ya duba. Maƙalai uku masu haƙora da ke haɗa wayoyin da fallen sun cunkushe a wuri ɗaya. Na tsakiya ya kankare azurfar, ya kuma jingina da maƙwabcinsa, abin da kan rikita na'ura. Ya roƙe ta ta ba shi rabin awa.

Ya yanko bakin wata tsohuwar wayar kwamfuta, ya liƙa masa wayoyi uku. Ya wanke hannu sau biyu, don abin liƙin ma da dalma a ciki. Sabon falle ya shige bakin daram, ba buƙatar maƙalai. Suka fara da ruwan da suka san akwai gubar, na'ura ta nuna ta daidai. Sannan na rijiya. Layi ya miƙe shafal, babu alamar guba. Sau uku suna canza falle, bai motsa ba.

Sai a lokacin ta sauke jakar. Ta ce duk da haka za ta kai yarinyar asibiti.

"Ki kai ta, 'yata. Amma ki tambaye ta ɗanyen mangwaro nawa ta ci."

Dakta ta yi dariya, ta farko da ya ji tun bara. Ya kwashe maƙalan ya jefa a durowa.