Kawu Raba-Daidai da Kajin Matarsa

Ƙanin mahaifiyata ba a banza ake kiransa Raba-Daidai ba. In ka ba shi lemo ya raba wa yara, sai sun gaji sun watse yana nan yana gwada ɓari da ɓari. Ko faɗa zai yi wa 'ya'yansa, sai ya tara su duka, har wanda bai yi laifi ba, don kada wani ya fi wani.

Gonar da yake nomawa aro ce daga surukinsa. Shekara da shekaru masara yake ɗora mata, har ƙasar ta yi fari fat. Ran nan tsohon ya zo ya tsuguna, ya murza ta a yatsa.

"Wannan gona ce ko tsakar gida? In ba ta farfaɗo bana ba, mijin ƙanwar matarka zan ba."

Kawu da wannan mutumin kuwa ba sa ga maciji.

Malamin gona ya ba shi shawara ya hutar da masara, ya shuka wake da gero da dawa a haɗe, ba don girbi ba. Su rufe ƙasa daga zafin rana, in sun yi kore a sare su, su ruɓe a wurin. Wake ne ke ciyar da ƙasa, sauran biyun inuwa da kara ne nasu.

"Amma wake da yawa, gero ɗan kaɗan," in ji malamin.

Kawu ya ɓata rai. "Me wake ya fi gero da shi? Ba a zalunci a gonata."

Ni da ko sakandare ban ƙarasa ba sai da na sa baki. "Kawu, ƙwayoyin da ke gwangwanin gero fa mutanen gari guda ne. Na wake kuwa 'yan zaman benci ne."

"Kai da ka gudo daga aji, rufe min baki."

Ya shimfiɗa tamfol a tsakar gida, ya ɗauko gwangwanin madara. Wake ɗaya, gero ɗaya, dawa ɗaya, kowanne yana share bakinsa da wuƙa kada ƙwaya ta yi sama. Ya cakuɗa, ya kwashi rabi ya tafi ya watsa a gabashin gona. Sauran ya bari a shimfiɗe, ya ce matarsa ta sa ido.

Ita kuwa tana kan keken ɗinki, idonta na kan allura. Kajinta ne suka sa ido.

Da ya dawo, gero sai tsintuwa, dawa ta ragu, wake na nan lafiya lau don ya yi wa kaji girma.

"Baiwar Allah, wa na bar wa amana?"

"Malam, kaji fa ba su san gwangwani ba."

Iri ya ƙare, danshin ƙasa kuma ba ya jira. Haka ya kwashi ragowar kaji ya watsa a yamma, yana tafe yana tsine wa zakara.

Da shuka ta tashi, gabas ta zama dajin gero. Ya cunkushe, ya yi siriri, ya fara rawaya, wake a ƙarƙashinsa kamar ɗan haya da aka kora. Yamma kuwa wake ya barbaje ya rufe ƙasa ruf, yana hawa karan dawa jefi-jefi.

Tsohon ya zo. Kawu ya yi ta jan sa ta yamma, yana tare masa gabas da babbar riga. Tsohon ya tumɓuko wake, ya ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa, ya shanshana ƙasar mai sanyi.

"Wa ya auna wannan?"

Na buɗe baki, Kawu ya taka min ƙafa.

"Mutanen gida ne, Baba."

"To su auna maka na gabas ma. Gona ta zauna a hannunka."

Ka ce Kawu ya daina raba daidai? Ina! Har yau gwangwani ɗaya-ɗaya yake aunawa, da wuƙarsa. Sai dai in ya gama, ya shimfiɗa tamfol a bakin akurki, ya juya baya ya haɗa shayi.

Na ce, "Kawu, ba zalunci ba ne wannan?"

Ya kurɓa, ko waiwaye bai yi ba. "Ni dai na auna daidai. Abin da kaji suka yi, tsakaninsu da Allah."