Gambar da na matsar

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Abdulmumini makwancinsa, a ƙauyenmu na ƙasar Garhanga. Duk shekara muridansa kan taru su faɗi karamominsa. Ni ba ni da karama ko ɗaya da zan faɗa. Labarin gamba nake da shi, kuma ban fito da kyau a cikinsa ba.

Malam muƙaddami ne, shi ke ba mutane izinin wuridi a ɗarika. Ɗan siririn mutum ne mai noma gonarsa da hannunsa, ba ya son doguwar magana. Na daɗe a gabansa, ni ke wanke farin ƙyallen wazifa, har ina ganin babu wanda ya kai ni cancanta. Ranar da na nemi wuridi, ko kallona bai yi ba ya ce, "Tahi ka maida gambar Nomau inda ka ishe ta, kana ka dawo."

Nomau maƙwabcin gonata ne, ya girme ni nesa, kuma layin ciyawar gamba ne iyakarmu. Wata shekara ya tafi biɗar kuɗi Abijan, sai na cire gambar na dasa ta taki uku cikin gonarsa. Ya dawo ya gani, ya ci gaba da nomansa. Ni kuwa na kwantar da raina da cewa gidansu ba su daɗe da barin addinin kakanni ba, alhali ni ɗan sahun farko ne. Abin kunya ne, amma haka na yi tunani.

Na musanta zancen gambar, Malam bai ja da ni ba. Shekara shida ina komawa, shi kuma tambayarsa ɗaya: "Gambar hwa?" Waɗanda suka zo bayana duk suka karɓi wuridi ina kallo. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma da haushin nan a raina ya rasu.

Yau zawiyarsa ta sami siminti da lasifika, hotonsa na manne a jikin babura. Muridai sun rabu biyu kan wanda zai gaje shi, kowane ɓangare na aika wa ɗaya zafafan saƙonni ta waya. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga haka. Ina jin ba zai shiga gardamar ba. Zai bi su ɗaya ɗaya ya tambayi kowa iyakar gonarsa.

Ni kaina sai bara, gab da shuka, girman kai ya sake ni. Na iske Nomau a ƙofar gida, idonsa ya yi rauni, na ce, "Baba, na zo in maida gamba."

Ya yi dariya har da tari. "Ashe har yanzu tana cin ka? Ko wace kaka Malam shina aiko min dami guda, shi ce kai ka aiko, hatcin wurin nan na. Tun sannan niy yahe maka. Sa'ad da yar rasu dami yab bar zakkuwa, nan nig gane wa ka aikowa."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, da furfurata. Mutumin da nake jin haushinsa, ashe daga rumbunsa yake rufa mini asiri, yana jiran in yi hankali.

An raba littattafansa, tasbaharsa ma ana jayayya a kanta. Ɓangarorin biyu sun yi mini tayin wuridi, ban karɓa ba tukuna. Abin da ya rage mini na Malam layin ciyawa ne, wanda Nomau ya riƙe mini igiya muka miƙe shi tare. Gambar ta kama, ta yi tsawo bana. Duk sa'ad da na bi ta wajen sai in tsaya in amsa tambayar da na ƙi amsawa yana raye: Malam, na maida ta.