Ɗakin da Muka Kai Gulbi

A Tama aka haife ni, nan aka yi mini aure, kuma har na aurar da 'yata ta fari ban taɓa wuce kasuwar Madawa ba. Maigidana kuwa kowace shekara, da an gama ɗaure gero an zuba a rumbu, sai ya ɗauki sandarsa da buzunsa ya tafi cin rani ƙasar Ingilishi, wato ƙetaren iyaka ta kudu da mu. Yakan dawo gab da damina da ɗan yadi da goro da labari, kuma labarin ne ke hana ni sakat. Ya ce can akwai gulbi wanda ba ya ƙafewa, mutane na zama cikin sassaƙaƙƙen icce suna tafiya bisa ruwa. Mu ruwan kwarinmu na Majiya in ya zo da gudu yake wucewa, ya bar mu da rijiyoyin lambu, saboda haka na kasa kwatanta abin a zuciyata.

Tun ina budurwa kurkunu ya fito mini a gwiwar hagu. Ya warke, amma ya bar ƙafar a sanƙare, ba ta lanƙwasuwa sosai. Ina noma da ita, ina daka, ina ban ruwan albasa, sai dai doguwar tafiya ta fi ƙarfinta, bisa jaki ma in na daɗe sai ta kumbura. Kowa a gida ya ɗauka maganar tafiya ba tawa ba ce, ni ma haka na ɗauka.

Wata ranar kasuwa muka kai gabu Madawa, wato busasshen ganyen albasa da muke dunƙulawa. Kusa da bariki muka tarar jama'a sun kewaye wata babbar mota a gindin gawo. Wani Nasara ne da matarsa. Tafinta ya gaya wa mutane daga arewa suka keto hamada, ba fatauci suke ba, ba kuma aikin kumandan mai mulkin bariki ba, ƙasa kawai suke kallo. Na kutsa na leƙa. Akwai gado a ciki, da akwati, da ɗan murhu. Matar ta ɗaura igiya daga jikin motar zuwa reshen gawo tana shanya tufafinta, hankali kwance, kamar a tsakar gidanta. Na daɗe ina kallon shanyar nan.

A hanyar komawa na ce, "Maigida, ina son ka kai ni in ga gulbin ga."

Ya tambaye ni abin da zan yi can, na ce gani. Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, ya tuna mini da ƙafata. Ya ce ko da ƙafar lafiya take, shi a zango yake kwana cikin fatake, maza zalla, babu inda zai aje matar aure. Na ce to a yi mini ɗaki bisa ƙafafu, kamar na Nasara, in ya so takarkari ya ja shi. Sai da muka fara hango dutsen garinmu, sannan ya ce in na samo ƙafafun sai mu yi magana. Na san ya faɗi haka ne don ya rabu da ni, amma na riƙe maganar.

A lokacin babu amalanke ko ɗaya a Tama. Kaya a ka ake ɗauka, ko bisa jaki da raƙumi. Na je wurin masassaƙin da ke mana turame, na zana masa da'ira a ƙasa da tsinke, na ce irin wannan nake so guda biyu, da huda a tsakiya. Ya sassaƙa su daga wani tsohon gungumen maɗaci. Ranar da muka zura musu sanda muka gwada a kan hanyar dutse, ba su yi nisa ba ɗaya ta tsage gida biyu. Mata suna dawowa daga rijiya suka gani, kafin azahar labari ya gama gari.

Wan maigidana ya zo gidanmu da yamma, ya zauna a zaure ya sa aka kira ni. Ya ce mutum na tafiya neman abinci, ko karatu, ko gaisuwar mutuwa, ko aikin hajji, amma bai taɓa jin macen da ta bar ɗakinta don kallon ruwa ba. Na durƙusa iyakar yadda ƙafar ta bari, na ce, "Yaya, ban ce zan bar ɗakina ba. Da shi zan tahi." Bai ji daɗin amsar ba. Da ya fita na ga maigidana ya ɗauki ɓarin ƙafar da ta tsage yana jujjuya shi, ya ce icce kaɗai ba zai jure dutsen ƙasarmu ta Adar ba, sai an yi masa ɗamara da ƙarfe.

Ƙarfe kuwa a zamanin abu ne mai wuya. Maƙerin garinmu dattijo ne, zuriyarsu ba su daɗe da barin tsafin kakanni ba, kuma mutum ne mai son abin da ba a saba ba. Ya ce in zan kawo ƙarfen zai yi. Sai na bi gida gida ina neman tsofaffin hauyoyi da gatura da suka cinye, ina ba da gabu ko in yi wa matar gidan kitso a madadinsu. Rani guda na yi ina wannan. Wasu matan na ba ni don tausayi, wasu don su ga inda haukar za ta tsaya. Maƙeri ya buga su ya miƙar, ya naɗe sababbin ƙafafun da su, ya kuma sa zoben ƙarfe a hudar tsakiya don kada sandar ta ci iccen.

Ɗakin kansa wata Buzuwa ce ta koya mini, mai kawo tabarmi kasuwar Buza. Su da ɗakinsu suke yawo tun asali, saboda haka ita kaɗai ce ba ta yi mamaki ba. Ta nuna mini yadda ake lanƙwasa ɗanyun sandunan geza a ɗaure su baka baka, da yadda ake jera tabarmi ta sama ta hau kan ta ƙasa. Ta ce kada in yi shi da tsawo, iska za ta kifar da shi, ya isa dai in zauna kaina bai taɓa rufi ba. Na auna tsawon dandamalin da ɗakin zai zauna a kai da jikina, na kwanta a ƙasa ƙafata a miƙe, 'yata ta ja layi. Tabarmin ni na saƙa su da kaba, bayan aikin gida, har yatsuna suka yi kanta.

Na sayar da awakina muka sayi takarkari. Ya saba ɗaukar kaya a baya, amma ja bai san shi ba, da ya ji abu na bin sa sai ya zabura ya nufi daji. A nan ne maigidana ya shiga aikin da gaske. Shekarar bai je cin rani ba. Kowace safiya yakan ɗaura wa san gungume ya zagaya da shi bayan gari, yana yi masa magana a hankali, har ya yarda. Daga baya shi ne ke tashina da shawara, yana cewa a sa salka a maimakon randa, a rataya tukunya a ragaya ƙarƙashin dandamali, a yi ƙofar ta baya don ƙurar ƙafafun sa.

Hanya kuma ni na tattara ta. Duk falken da ya sauka garinmu sai na aika masa da fura, in tambaye shi ta bakin maigidana inda yashi yake da zurfi, inda ake hawan dutse, da garin da rijiyarsa ba ta ƙafewa. Su hanyar jaki suka sani, wadda ke ratsa kwazazzabai, ni kuwa ina neman wadda ƙafafu biyu za su bi. A hankali ta fito: mu gangara kwarin zuwa Madawa, mu yi kudu ta Bangi, mu shiga Gobir, daga nan mu bi gefen gulbin duk inda ya nufa. Muka gwada ɗakin da zuwa suna a Urno. Ya je ya dawo, igiya ɗaya ce ta tsinke, sai bayana da ya yi ciwo, abin da ya sa na ƙara shimfiɗa buhun ƙaiƙayi.

Mun sa ranar tashi bayan girbi, sai yaƙin Nasara ya iso mana. Aka ce Faransa da Ingilishi sun ɓata, an rufe iyaka, wanda aka kama yana ƙetarawa sai gidan kaso. Gardawan bariki, wato dogaran Nasara, suka riƙa shiga ƙauyuka suna karɓar gero da dabbobi da samari. Maigidana ya ji tsoron kada a ga amalanken a ƙwace shi da san gaba ɗaya. Muka kwance ƙafafun muka sa a rumbu ƙarƙashin damman gero, muka kai san wurin wani Bafulatani ya saje da garkensa. Dandamalin ya koma gadon kwana a tsakar gida.

Shekarun nan sun yi mini tsawo. Wan maigidana ya ce Allah ne ya raba ni da abin kunya. Gara ta ci tabarmin, na saƙa wasu. Duk lokacin da aka buɗe rumbu nakan sa a fito da ƙafafun in shafe su da man shanu don kada su tsage. Maƙerin da ya yi su ya rasu bai ga tafiyar ba. Wata rana maigidana ya ce mini shi gwiwarsa ta fara sanyi, san ma ya tsufa, ko mu haƙura. Na ce, "In san ya gaza, a nemo wani. In kai ka gaza, ka shiga ɗakin ka zauna, ni in ja akala." Ya dube ni, bai sake tayar da zancen ba.

Da aka buɗe hanya ya je bariki neman takardar wucewa. Tafinta ya tambayi dalilin tafiya, ya ce ziyara za mu Sakkwato, don ya san in ya ce kallo ba za a gane ba. Muka ɗora gero da daddawa da kuka, da buhunan gabu da za mu riƙa sayarwa a hanya. 'Yata da mijinta suka dawo gidan su riƙe. Da hantsi muka fita, gari duka na tsaye a bakin hanya. Wan maigidana ya raka mu har bayan lambuna, ya yi mana addu'a, ya ce in kula da ƙaninsa.

Tafiyar a hankali muka yi ta, don san ba ya son rana. Inda yashi ya yi yawa nakan sauka in dafa dandamali ina ɗingishi. A kan iyaka 'yan duwan, masu binciken kaya, suka daɗe suna leƙa ɗakin, ɗayansu har ya shiga ya zauna don ya ji yadda yake. Kowane gari muka isa mukan tsaya a gindin icce daga waje, in ɗora tukunya, mata su fito kallo, su tafi su dawo mini da nono ko ruwan wanka. Ban taɓa rasa abokiyar hira ba.

A Sabon Birni na fara ganin gulbin, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Yashi ne mai faɗi da ɗan ruwa a tsakiya, yara na ƙetarawa bai kai musu ƙugu ba. Maigidana ya ji kunya, ya ce shekarar ce ba a yi ruwa ba. Na ce mu bi shi gaba. Muka bi shi ta Goronyo da Wurno, yana ƙara cika. A Sakkwato muka yi ziyararmu, aka gyara mana zoben ƙafa ɗaya da ya saki, sannan muka wuce ƙasar Kabi. A can ne wata safiya muka fito daga cikin dogayen ciyayi na ga ruwa shimfiɗe, tsuntsaye farare a gefensa, masunta a tsaye cikin kwalekwale suna tura shi da gora. Na sauka na zauna a bakinsa. Wani masunci ya yarda ya ɗauke mu. Maigidana da shi suka ɗaga ni suka zaunar, ƙafata a miƙe tsawon jirgin, na sa hannu cikin ruwan muna tafiya. Ashe maigidana duk shekarun da yake ba ni labari bai taɓa shiga ba, daga tudu yake kallo. Ya riƙe gefen kwalekwalen da hannu biyu har muka dawo.

Mun zauna a can har zafi ya fara, na koyi yadda ake banda kifi, na sayi shinkafa. Ruwan farko ya same mu kusa da Bangi a hanyar komawa, ƙafafun suka nutse cikin laka, sai da mutanen wani ƙauye suka fito suka tura mu. Mun iso Tama mun tarar 'yata ta haihu, an riga an yi suna, jama'a duk suna gona. Washegari muka ɗauki iri muka bi su.