Ranar da Ƙarfen Makarantarmu Ya Kori Unguwa

Ban taɓa mantawa da ranar wata Laraba ta watan Yuni ba, ranar da ni da 'yan aji huɗu muka tayar da unguwa guda tsaye. Ku da kuka shigo koyarwa kwanan nan kuna jin ana tsokanata da "Malama Rifkatu mai ƙarfe". To ga asalin sunan.

Makarantarmu tana kusa da kogin Yedzaram, wanda mutanen Mubi ke ce wa mayo kawai. Da rani ƙwallo yara ke bugawa a cikinsa. Da damina kuwa sai a yi ruwa can kan duwatsu, mu nan ko yayyafi ba mu gani ba, mayo ya cika ya tumbatsa. Wata damina ya tafi mana da wani yaro ɗan ajina yana ƙoƙarin tsallakawa gida. Shi ya sa da aka tura ni bita Yola kan koya wa yara kare kai ta hanyar wasa, na dawo na riƙe abin hannu bibbiyu.

Wasan ba wuya. Za a buga ƙarfen makaranta, wato tsohon wilin motar da ke rataye a darbejiya. Kowane ɗan aji huɗu ya ɗora jaka a ka kamar mai ratsa ruwa, ya shiga aji ɗaya ya kama hannun ƙaramin da aka ba shi, su nufi tudu. Wanda ya isa babu ƙaraminsa ya faɗi, ko da ya riga kowa. Tudun namu da toka muke zana shi a tsakar fili.

Ran nan sai ga jami'in duba makarantu, wanda muke ce wa sufeto, Alhaji Buba, sabon zuwa Mubi. Rahotonsa ne zai sa wasan ya ɗore ko a soke shi, don dama wasu iyaye na gunaguni cewa karatu suka turo yara, ba guje-guje ba.

Ya dubi zanen toka ya taɓe baki. "Malama, in ruwa ya zo, toka za su hau? Ina tudu na gaske?"

Na nuna masa tudun bayan unguwa mai babbar tsamiya. Ya ce to can za su.

Hedimastanmu, Malam Vandi, ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, da an bari mun gaya wa mai unguwa tukuna. Mutanen nan..."

"Ambaliya tana aiko ɗan saƙo ne? A buga."

Umarnin na gaba ne, sai na buga.

Abin da sufeto bai sani ba shi ne, Mubi gari ne da ya taɓa gudu. Tun shekarar da 'yan bindiga suka shigo gari muka bar gidajenmu muka bi duwatsu da kayan jikinmu kawai, kowa ya riƙe doka ɗaya: in ka ga mai kaya a ka yana gudu, bi shi, tambaya sai an huta. Ni sauri na koya wa yara, ba gudu ba. Amma ka buɗe wa yaro ƙofar makaranta da tsakar rana ka ce masa ana gasa, ai ka san sauran.

Ina biye da su a baya ina ganin abin da idona. Mama Kuve mai ƙosai a bakin ƙofa ta bar kasko a wuta, ta ɗauki matsami da kujerarta ta tsuguno ta bi su. Malam Sani mai shayi ya rungumi kiret ɗin ƙwai. Wani ya fito daga shagon aski, rabin kai fes, rabin daji, da ƙyalle a wuya. Mai keke napep ya sauke fasinja ya cika keken da matansa da akuya. Ina ta ɗaga hannu ina cewa wasa ne, amma da yake ni ma a guje nake faɗa, sai suka ƙara mai.

Shi kuwa sufeto, da ya ga titi ya rikice, sai zuciyarsa ta raya masa ko wani abin ne daban ya faɗo a daidai lokacin. Ya wuce ni kamar walƙiya, babbar riga a hammata, takalmi ƙafa ɗaya. Mutumin da da bakinsa ya ce a buga.

Da na isa tudu ina haki, sai na tarar da yarana a gindin tsamiya, zaune bibbiyu, kowa riƙe da hannun ƙaraminsa, suna kallon manya da mamaki. Manyan kuwa sun watsu. Wasu sun nufi hanyar Gella, wasu ma mayo suka dosa. Wata uwa ta zo tana kuka, ta je makaranta ta tarar da aji wayam. Ɗanta ya ɗaga hannu daga cikin layi ya ce, "Mama, ka yi latti, ka faɗi."

Mai unguwa, Baba Hamman, shi ya zo ƙarshe yana dogara sanda. Da aka yi masa bayani, ya dubi sufeto tun daga hula har ƙafar da ba takalmi. Mama Kuve tana gefe tana faɗa: "Wannan malama ya kusa kashe mu. A hana wasan nan." Mutane suka goya mata baya. Na ce a raina shi ke nan, wasa ya mutu, kuma damina ko rabi ba ta yi ba.

Baba Hamman ya daɗe yana kallon yaran. Sannan ya tambaye ni, "Kullum nan za su zo? Ko mayo ne, ko mene ne?"

Na ce nan ne.

Ya ce, "Wancan karo da muka gudu, ba wanda ya san inda zai sami ɗansa. Ni sai da damina ta zagayo na ga 'yata." Mama Kuve ta sauke matsami. "Ba za a hana ba. Amma a riƙa aiko mini tun jajibiri. Kuma mu ma a ba mu wanda za mu riƙe wa hannu."

Sufeto ya rubuta rahoto mai kyau, sai dai bai ambaci takalmi ba. Mu ma ba mu ambata ba, sai in ba ya nan.

Abin da na koya shi ne, malami ba yara kaɗai yake koyarwa ba, duk abin da ya fita ƙofar makaranta unguwa ce ke karɓarsa da abin da ta taɓa gani. Kafin ku buga ƙarfe, ku je ku gai da mutane. Yanzu duk farkon damina muna yin wasan tare da iyaye, a hankali, ba gudu. Mama Kuve ce aka ba hannun Baba Hamman, kuma ba ta taɓa isa tsamiya babu shi ba.