Turken Da Unguwarmu Ta Shayar Kwana Arba'in

Ranar wata Alhamis a tsakiyar bazara, kimanin shekara goma kafin Nasara su shigo ƙasar Damagaram, mutanen unguwarmu ta masaƙa a Matameye suka taru a dandali don dasa cediya. Ina 'yar shekara tara a lokacin, ina tsaye da ƙwaryar tallar fura a kai ina leƙe ta tsakanin manya. Durumin da muka taras a wurin iskar ƙarshen damina ta kayar da shi, tun daga nan unguwa ta rasa inuwa. Masaƙa suka koma rakuɓewa a jikin danga, wanzami yana aski a rana kai na tsiyayar gumi, mu kuma 'yan mata muka rasa wurin carafke. Mai Unguwa, Baba Ɗantani, ya aika har garin Ɗan Barto aka saro reshen cediya mai kaurin damtse. Aka kafa shi a rami, aka shafe kansa da laka, aka naɗe jikinsa da tsohuwar tabarma saboda zafin rana, aka kewaye shi da ƙaya. Liman ya yi addu'a aka shafa. Inna Kandala, tsohuwa mai daddawa, ta dubi reshen ta ce, "Kai, itacen nan ya yi kyau!" Ba ta haɗa da Masha Allahu ba, amma a ranar ba wanda ya kula.

Aka raba ban ruwa gida-gida, kowane gida da ranarsa, tulu huɗu da safe, biyu da rana. Baba Ɗantani yana bin ƙofofi da sandarsa yana faɗin magana ɗaya: "Wanda bai kawo tulu ba, kada gobe ya kawo tabarma." Rijiyarmu kuwa tana can bayan marina, sai an ja guga hannu ya yi kanta. Kwana na uku ya faɗo a kan gidanmu. Babana, Tanko masaƙi, ya zuba na safe da hannunsa, aka bar mini na rana. A ranar kuma innata ta ce in kai akuyarta ta ci harawa a gidan goggona. Ni da wayona sai na ce bari in haɗa aiki biyu. Na janye ƙaya, na ɗaure igiyar akuya a jikin reshen, na sunkuya ina tuttula ruwa. Sai ga wani kare ya ɓullo. Akuya ta zabura, ƙasa kuwa ta jiƙe sharkaf, sai na ga cediyar unguwa tana bin akuya a guje, tabarma ta warware ta faɗi gefe.

A bayan gidanmu na cim ma ta, ta riga ta gaigaye ɓawon gefe guda. Na waiga gabas da yamma, rana ta kori kowa cikin ɗaki. A tunanina reshen ya mutu, ni ma kuma saura kaɗan. Na soke shi cikin taɓon makwararin gidanmu, tsakanin juji da danga, inda ba mai bi sai kaji. Na shiga zaure na zaro ɗaya daga cikin turakun masaƙar babana, wani busasshen itace da ya girme ni, na kai shi ramin na kafa. Na kwaɓa laka na shafe kansa, na mayar da tabarma na ɗaure, na ja ƙaya na rufe. Har ragowar ruwan tulun na zuba masa.

Haka unguwarmu ta duƙufa shayar da turke. Kowace safiya mata da 'yan mata suna jere da tuluna, dattawa suna tsaye suna duban abin kamar masu jiran haihuwa. Wanzami ya rantse ya ga toho, da aka duba sai aka ga fara ce ta sauka. Maƙeri ya ce taki ya yi kaɗan, aka ƙaro kashin tumaki. Liman ya ba da ruwan rubutu aka zuba a gindi. Babana kuwa ya birkita gida da neman turkensa, ya zargi yayyena, ya zargi maƙwabcinmu har suka yi kwana biyu ba gaisuwa. Duk ranar da ban ruwa ya zagayo kanmu shi ke ɗaukar tulun farko, yana zubawa yana tsine wa ɓarawon turke, ni kuma ina riƙe masa gammo.

Da aka haura wata guda ba ganye ko ɗaya, sai aka tuno maganar Inna Kandala. Aka fara raɗe-raɗin bakinta ne ya kama itacen. Mata suka daina sayen daddawarta, wasu in sun hango ta sai su ja 'ya'yansu cikin gida. Tsohuwar nan ba ta da kowa sai faifan daddawarta, ita ce kuma ke cika mini hannu da garin ɗorawa duk lokacin da na bi ta ƙofarta. Wata la'asar na gan ta tana komawa gida da faifanta cike kamar yadda ta fito da shi, tana tafiya tana bin jikin danga. Ranar na ture tuwona gefe, ban ci ba.

A kwana na arba'in da kafa turken Baba Ɗantani ya tara unguwa, aka kira Inna Kandala aka ce ta tofa wa itacen yawu ko bakin ya sake shi. Ta tako a hankali. Ban san lokacin da na ajiye ƙwaryar fura na fashe da kuka ba. Na ce, "Baba, ba ita ba ce. Ku kwance tabarmar." Aka kwance. Ga itace baƙi wuluk, ya sha hannu har yana sheƙi, ga sawun igiyar saƙa a wuyansa, gara ta fara cin gindi. Babana ya matso, ya ƙura masa ido, ya ce, "Wannan ai turkena ne!" Wanzami ya ce, "To Malam Tanko, ai ka ga mun riƙe maka amana, ko yini ɗaya bai yi da ƙishirwa ba." Dariya ta ɓarke har Liman ya zauna a ƙasa yana share hawaye da bakin rawani. Inna Kandala ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni inda na kai na gaskiyar.

Na ja unguwa guda zuwa bayan gidanmu ina shessheƙa. Can tsakanin juji da danga, cikin ruwan wanke-wanken innata, cediya ta fitar da ganye kore shar, kaji na kwance a ƙarƙashinta. Wasu suka ce a tumɓuke ta a mayar dandali, Baba Ɗantani ya ce ta sha wahalar tafiya sau ɗaya, ya isa. Tunda ita ta zaɓi wurin, dandali ne zai taso. Washegari aka yi gayya. Samari suka kwashe jujin aka kai gonaki, magina suka karkatar da makwarari, babana ya ja dangarsa baya taku biyar yana gunaguni, mata suka share fili suka daɓe shi. Baba Ɗantani ya je har ƙofar Inna Kandala ya ba ta haƙuri a madadin unguwa. Ni kuwa na sha tsumagiya uku a hannun innata, aka kuma yanke mini hukuncin yi wa tsohuwar tallar daddawa har damina ta faɗi. A ranar farko faifan bai kai azahar ba, don duk matan da suka guje ta kunya ta sa kowace ta sayi ta mako guda.

Yanzu na tsufa, jikokina ke ɗebo mini ruwa. Nasara sun fitar da hanyar mota, an jera mata itatuwa sahu-sahu, gardi, dogarin Nasara, na tsaye da bulala ana zuba musu ruwa, kowa na zubawa yana kallon ƙasa. Itatuwan suna girma, ba laifi, amma ban taɓa jin wani ya ce namu ne ba. Masaƙan unguwarmu sun ragu, waɗanda muka yi dariyar nan tare da su duk sun riga ni gidan gaskiya. Wani lokaci nakan zauna a ƙofar gida in ji kamar za a kira sunan gidanmu a ce yau mu ke da tulu. Da za a kira, da na tashi.