Nono Ya Dawo, Dada Ba Ta Dawo Ba

Wata safiya a daminar 1994, Dada, mahaifiyata, ta tashi daga gindin jar saniyarmu riƙe da ƙwarya, nonon ciki bai rufe gindinta ba. Goggo, yayar mahaifina, ta leƙa ƙwaryar, ta ce, "Wannan hannu naki ba na alheri ba ne."

Muna zaune a lokacin a bayan Jalingo, kan hanyar Sunkani. Ni ce mai ɗaure maruƙa kafin tatsa, in share turke, sannan in ruga makaranta ƙafata duk taɓo. Da na dawo sai in bi Dada unguwar Turaki, inda matan ma'aikata ke jiran kindirmonta. Ciyawa ta yi shar a fadama, amma shanunmu sai ramewa suke yi, gashi ya tashi, zawo ba ya tsayawa, ƙasan haɓarsu ya kumbura. Kowa ya ga haka, amma Dada aka kalla. Aka ce tana ɓoye nono tana kai wa danginsu, daga baya aka ce mugun ido gare ta. Mahaifina mutum ne mai kunyar yayarsa, ya sunkuyar da kai. Kafin kaka, Dada ta ɗaure kayanta ta koma Iware, garinsu. "Ki kula da ƙannenki," shi ne kawai abin da ta ce mini a bakin hanya.

Bayan tafiyarta wani malamin dabbobi, Baba Yohanna, ya zo a kan babur. Ya duba kashin shanun, ya ja fatar idonsu, ya ce da Hausarsa ta 'yan Jalingo, "Tsutsa ne ya cinye su." Aka kama su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗura musu wani farin magani. Ba a jima ba zawo ya tsaya, maruƙa suka fara tsalle, hantsa ta cika har nono na ɗiga. Goggo ta ce ai dama tun da ƙafar nan ta fita albarka ta dawo. Ba wanda ya je biko. Ni aka cire daga makaranta na gaji tatsar.

Yau ko a ƙaramin shago ana samun maganin, yara ma sun san lokacin ba da shi. Dada ta rasu a Iware, ba ta taɓa jin wani ya ce an zalunce ta ba. Har yanzu ba na iya shan nono da daɗin rai.